Wayar Da Na Gwada Da Zafinta

"Sake gwadawa," in ji Kamalu.

"Na gwada."

"Na ce ka sake. Ko kunnenka ma jabu ne?"

'Yan acaɓan da suka cika bakin rumfata suka yi dariya. Ban ɗago ba. Na juya masa fuskar wayar, na ɗora yatsa a ƙarƙashin lambar.

"Karanta da kanka. Dubu ɗari uku da ashirin. Irin wannan wayar, in ta gaskiya ce, dubu ɗari shida take bugawa. Rabi ke nan."

"Wa ya ce?"

"Manhajar ta ce."

"Manhajar uban wa? A kwalinta na sayo ta a Kano, da ledarta, da takardarta. Kai da ko Kwanar Ɗangora ba ka cika wucewa ba, kai ne za ka ce min jabu?"

Ku da kuka shigo labarin yau, bari in bar Kamalu a tsaye da bakinsa a buɗe, in faɗa muku su wane ne mu.

Sunana Nazifi. Shekara biyar da gama sakandarena, takardar tana ƙasan akwatin Umma tare da atamfofin da ba ta ɗaurawa. Ina da rumfar kwano a bakin tashar babura, kasuwar Ƙafin Maiyaki. Caji nake yi, da canjin gilashi, da gyaran abin da zai gyaru. Sai kuma gwaji, wanda shi ya jawo min wannan masifar.

Akwai wata manhaja da nake sa wa waya. Minti goma take yi tana wahalar da ƙwaƙwalwar wayar. Ta ba ta lissafi, ta sa ta zana hotuna masu gudu, ta buɗe wannan ta rufe wancan. In ta gama sai ta fitar da maki. Mai sauri ta samu da yawa, mai nauyi ta samu kaɗan. Da wasa na fara, don raba gardamar 'yan acaɓa. Na yanki kwalin taliya na manna a bango, ina rubuta sunan mutum da makin wayarsa. Wanda ya ga sunansa a ƙasa sai ya kwana uku bai zo caji ba.

Bara kuma wani saurayi ya kai wa wata yarinya waya a Yako, aka kawo min, ta fito jabu da gaske. Sunan da ke bayanta daban, abin da ke cikinta daban. Tun daga ranar garin nan ya haukace. Duk wayar da ta shigo cikin kayan toshi sai ka ji an ce, "A kai wa Nazifi." Tsofaffin da ba su san inda ake kunna waya ba, yanzu sun san maki. Ni ban nemi wannan kujerar ba. Ban taɓa cewa ni alƙali ne ba. Amma da aka miƙo ban ƙi zama ba, wannan ma gaskiya ce.

Ita wannan wayar ta Balaraba ce, ƙanwar abokina Mujitaba. Shekara uku ina sonta. Ta sani, Mujitaba ya sani, Umma ta sani, darbejiyar ƙofar gidansu ma ta sani. Baffa, mahaifinta, shi kaɗai ne ban taɓa tura wa kowa ba, wai ina jira rumfa ta zama shago. Ina cikin jiran Kamalu ya sauko daga Tudun Wada. Masara da shinkafa yake saye. Farar shadda, hula zanna, da turaren da yake riga shi shiga wuri. Wata biyu ya yi yana zuwa zance, sannan ya kai akwati, a saman akwatin waya.

Mujitaba ne ya kawo min ita ranar kasuwa. Tun hantsi take cikin baƙar leda a ɗaure kan tankin babur ɗinsa, yana zaga kasuwa da ita, a tsakiyar bazara. Ƙarfe ɗaya ya iso, batir ya kusa mutuwa, ya jona ta a layin janareta, a gefen teburin da rana take sauka ta hudar kwano. Ga ta cikin rigar roba mai kauri. Da na ɗauke ta, tafin hannuna ya ji kamar kofin shayi. Na ji. Ba zan ce ban ji ba. Sai ga Kamalu ya fito daga mota yana murmushi, ya ce ya zo ya ga sunansa a saman kwali.

Na danna gwaji. Abin da ya fito kun ji shi.

"Shi ke nan," na ce masa. "Tunda kana so, mu sake."

Na sake. Aka ƙara minti goma. Wayar tana jone da caji, robar bayanta har laushi ta yi. Dubu ɗari biyu da casa'in.

Ɗanmaraya, shugaban 'yan acaɓan tashar, yana leƙe ta kafaɗata. "Kai, Alhaji. Wannan wayar taka muna kallo take tsufa."

"Sake," Kamalu ya ce. Muryarsa ta sauka.

Na uku, dubu ɗari biyu da sittin.

"In aka yi na huɗu sai a kai ta asibiti," in ji Ɗanmaraya.

Da nan na tsaya, da sauƙi. Ban tsaya ba. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ɗauko tawa, tsohuwa, gilashinta a tsattsage kamar busasshiyar laka, wadda kullum take kwance a kan jiƙaƙƙen buhu kusa da tulun ruwa. Na jera su gefe da gefe. Tawa ta buga dubu ɗari uku da sha biyar. Na danna kyamara a duka biyun lokaci ɗaya, tawa ta riga buɗewa. Na buɗe wasan tseren mota, motata ta yi nisa a titi, tasa tana nan tana juyi a bakin ƙofa.

Wurin ya kaure. Masu sayar da rake suka bar rake. Wata tsohuwa mai daddawa ta tambayi abin da ya faru, aka ce mata wani ne ya kai wa surukansa kwali.

"Wallahi ban cuci kowa ba," in ji Kamalu. Ya juya. "Mujitaba, har da kai ka yarda da wannan?"

"Ni lamba na gani," Mujitaba ya ce, yana ɗaukar hoton wayoyin biyu.

Kamalu ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Ya dafa teburina, ya matso har na shaƙi turaren, ya rage murya.

"Na san abin da yake cin ka, Nazifi. Ba waya ba ce."

"Ɗauke hannunka daga teburina."

Ya ɗauke. Ya tafi bai ko kalli wayar ba. Mujitaba ya ce in ajiye ta a wurina, kada gobe a ce su suka canja ta. Na jefa ta cikin akwatin ƙarfe na kulle.

Kafin la'asar hoton ya zaga gari. Guruf ɗin matasa, guruf ɗin 'yan ajinmu, har na matan Islamiyya. Wani ya rubuta a ƙasa, "Tsohuwar Nazifi ta kayar da amaryar Tudun Wada."

Da magariba na shiga gida na tarar da Umma a bakin murhu, ta ɗaura ɗankwalin da sai biki take fito da shi. Tuwon masara, miyar kuɓewa ɗanya, da man shanu wanda wata uku ban gan shi a gidanmu ba.

"Ka ci," ta ce. "Ka rame."

"Me ake yi?"

"Babu. Sai an yi wani abu uwa take ba ɗanta man shanu?" Ta gyara itace. "Na aika wa Kawunka Sabo. In ƙura ta lafa zai je ya ga Baffan Balaraba."

"Umma, ko kwana ba a yi ba."

"Shekara uku ka kwana. Ci tuwonka."

Ina wanke hannu saƙo ya shigo. Balaraba ce.

"Yaya Nazifi ina yini"

"Lafiya"

"Na ga hoton"

"To"

"Na gode. Ban da kai da gidan maƙaryaci zan shiga"

"Aikina na yi"

"Kai kullum kalma biyu. Ko murna ba za ka yi ba?"

 Na ga alamar tana rubutu, ta goge, ta sake.

"Ni dama ba wayar nake so ba. Baffa ne ya ce ba wanda ya fito sai shi"

Sau nawa na karanta wannan layin, ban ƙirga ba. Shekara uku nake jiran irinsa.

Washegari ƙarfe bakwai ina rumfa. Kasuwa fayau, sai ɓawon rake da awaki. Iska mai sanyi tana kaɗawa daga fadama. Na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗauko wayar, sanyi ƙalau kamar gindin tulu. Zan ce muku ban san abin da ya sa na sake gwadawa ba, amma ƙarya ce. Na sani. Na cire mata rigar robar. Ban jona caji ba. Na ɗora ta a kan buhu na danna.

Dubu ɗari shida da sha takwas.

Na jira rabin awa, na sake. Dubu ɗari shida da sha ɗaya. Na shiga cikinta na duba sunan ƙwaƙwalwar, abin da ya kamata in fara yi tun jiya. Daidai da abin da ke jikin kwalin. Na jera ta da tawa, na buɗe tseren motar. Kafin tawa ta gama tashi, tasa ta sha kwana biyu.

Wayar Kamalu ta gaskiya ce.

Ga abin da ya faru, don wanda bai sani ba. Waya in ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kamar manomi ne in rana ta take, sara yake ragewa, ba don rago ba ne. Caji yana ƙara mata zafi, rigar roba tana riƙe shi, gwajin kansa wuta ne. Duk "sake" da Kamalu ya ce, da bakinsa yake ƙara mata itace. Ita kuma tawa daga inuwa ta fito. Kamar ka ɗauko wanda ya wuni a gona ka haɗa shi tsere da wanda ya tashi daga barci.

Na kashe ta. Na mayar akwati. Na kulle.

A ranar, da azahar, Baffa ya tura dattawa biyu suka mayar da akwatin Kamalu Tudun Wada. A gaban rumfata motar ta wuce, akwatin a ɗaure a sama, ruwan hoda, da igiyar roba. Ina canja wa wani gilashi. Ban ɗago ba.

Na san abin da za ku rubuta a ƙasa. "Ka ji tsoron Allah, Nazifi." Na gode, na ji. Kuna kwance a katifa kuna danna waya, sai wa'azi. Ku zo ku zauna a bencina tukuna. Ni na ce wa Mujitaba ya gasa waya a kan tanki? Ni na ce wa Kamalu ya zo tsakiyar kasuwa neman suna? Ni na ce wa garin nan su auna mutum da lambar da ba su san daga inda take fitowa ba? Ba wanda ya tambayi ko Kamalu yana sallah, ko yana da faɗa, ko yana kula da uwarsa. Maki kawai. Dattijo da furfurarsa zai ɗaura auren 'yarsa ko ya fasa saboda manhajar da ni ma kyauta na sauke ta. Haushin kowa nake ji a satin nan. Har awakin kasuwa.

Kuma saƙonni suna ta shigowa.

"Ka ci abinci?"

"Eh"

"Me ka ci"

"Shinkafa"

"Allah ya shirye ka. Inna ta ce Kawu Sabo zai zo. Wace kala kake so in sa?"

"Kowace"

"Zan sa ruwan ƙasa tunda ba ka da baki"

Kwana bakwai na yi haka. Mutane suna kawo waya gwaji fiye da da. Ɗanmaraya ya sa min suna Alƙalin Alƙalai. Kowace waya aka kawo sai na taɓa bayanta da bayan hannuna, in ce a jira. Ba wanda ya lura.

Da kasuwa ta zagayo na bi ta layin 'yan hatsi zan sayo fetur na janareta. Kamalu yana nan wurin sikelinsa. Ba shadda, wani tsohon yadi ne ruwan toka ko guga babu. Wani manomi daga Doguwa ya sauke buhu huɗu a gabansa, sai wani ya raɗa masa magana a kunne. Manomin ya kalli Kamalu, ya kalli sikelin, ya kira mai baro.

"Baba, lafiya?" in ji Kamalu. "Shekara nawa kana kawo min?"

"Lafiya lau, yaro. Wanda ya kai wa surukansa jabu, ni wa nake da zai auna min daidai?"

Aka kwashe buhunan aka kai gaba. Kamalu ya tsaya hannu a aljihu. Ya ɗago ya gan ni da galan a hannu. Na jira zagi. Da ya zage ni da na ji daɗi, da na samu abin ramawa.  Ya sunkuya yana goge farantin sikelin da hannun riga, farantin da ba abin da aka ɗora a kai.

Ban sayi fetur ɗin ba.

Na tarar da Umma tana tankaɗe a tsakar gida. A kan tabarma ga ƙullin goro a jiƙaƙƙen algarara, ga ledar alawa, ga sabuwar hular da ta saya wa Kawu Sabo. Jibi zai je.

"Umma, wayar nan ta gaskiya ce."

Rariya ba ta tsaya ba. "Wace waya?"

"Ta Kamalu. Zafi ne ya sa ta rage gudu. Na sake gwadawa da safe, lafiyarta ƙalau."

"Wa ya sani?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai ke."

Ta buga rariyar a tafinta, ta zubar da tsaki a kwano. "Kai ka ɗaure ta a kan tanki?"

"A'a."

"Kai ka ce a sake?"

"A'a. Amma ni na danna."

"Nazifi, shekara uku ina kallonka kana bushewa a gidan nan. Ba ka magana, ba ka dariya, ka shigo ka kalli bango ka fita. Allah ya buɗe maka ƙofa, za ka je ka ja ta da hannunka?"

"Ba Allah ne ya buɗe ba, Umma. Zafi ne."

"Zafin wa ya halicce shi?"

 Ta ci gaba.

"Yarinyar nan kai take so, kowa ya sani. Shi Kamalu mai kuɗi ne, gobe zai samu wata. Ka bari a ɗaura, in ya so ka je ka ba shi haƙuri."

"An daina sayar masa da hatsi."

"Za su manta."

"Ta ce min na tsare ta daga maƙaryaci. Ni ta faɗa wa haka. In an ɗaura, da wane ido zan riƙa karɓar tuwo a hannunta?"

Umma ta ajiye rariyar. Ta kalli goron.

"Halin ubanka ke nan, Allah ya jiƙansa. Gaskiya a bakinsa, tukunya a kife." Ta ja zaninta ta share hannu. "Ka je. Amma kada ka dawo min nan kana kallon bango."

Washegari bayan la'asar na naɗe wayar a tsumma na tafi. Baffa yana zaure a kan buzu, yana ɗaure ƙotar fartanya da igiyar roba, rediyonsa a gefe tana magana ƙasa-ƙasa. Na cire takalmi, na durƙusa.

"Baffa, barka da yamma."

"Barka kadai, Nazifi. Ya mahaifiyar taka?"

"Tana gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. Ai gobe muke sa ran Malam Sabo. Ko kai ne ka kasa haƙuri?" Ya yi dariya.

"Baffa, magana ce a kan wayar nan. Ina so Mujitaba ya zo."

Ya kalle ni, ya kashe rediyon, ya ƙwala wa Mujitaba kira. Mujitaba ya fito da singileti yana cin gyaɗa. "Mutumina, angon gobe," ya ce. Da ya ga fuskata ya daina taunawa.

Na warware tsumman, na ɗora wayar a kan daɓen zaure mai sanyi, na danna. Na ce a ba ta minti goma.

A cikin minti goman Balaraba ta shigo da ruwa a kwanon sha. Hijabi ruwan ƙasa har gwiwa, sabon lalle a yatsunta, ja bai gama nuna ba. Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya Nazifi," tana danne murmushi. Sai idonta ya sauka a kan wayar. Ta tashi ta koma, amma ban ji takunta ya yi nisa ba. Gefen hijabin yana nan a bayan ƙyaure.

Wayar ta gama.

"Nawa ta ce?" in ji Baffa.

"Dubu ɗari shida da sha huɗu."

"Da yawa ne ko kaɗan?"

"Daidai ne, Baffa. Ta gaskiya ce. Ba jabu ba ce."

Mujitaba ya fizge ta ya duba. "Kai, ba zai yiwu ba. Da idona na gani."

Na yi musu bayani. Tanki, rana, caji, roba. Ban ƙawata ba, ban rage ba. Baffa yana jujjuya ƙotar a hannunsa har na gama.

"Wato hatsin lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Mudun ne ya lotsa."

"Mudun ma lafiyarsa ƙalau, Baffa. Mai awon ne."

"Baffa, laifina ne," Mujitaba ya ce da sauri. "Ni na gasa ta a babur. Shi bai sani ba. Kuskure ne, kowa yana yi."

Baffa bai kalle shi ba. "Yaushe ka gane?"

"Washegari da safe."

"Wace washegarin?"

"Ta ranar gwajin."

Ya ƙirga a yatsu, a hankali, kamar mai lissafin kwanan shuka. "Kwana bakwai ke nan."

"Eh."

"Da safe ka gane. Ni kuma da azahar na mayar da akwati."

"Eh, Baffa."

"Ta gabanka motar ta bi?"

"Ta bi."

Ya ajiye fartanyar. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min.

"Na tura dattawa biyu da gemunsu har Tudun Wada, su gaya wa mutum a zaurensa cewa ɗansa macuci ne. Mutumin da muka yi fatauci tare kafin a haife ku. A kan maganarka na yi haka, don an ce min kai ba ka ƙarya." Ya numfasa. "Gobe da hantsi za ka zo da wayar nan, mu je ni da kai. Abin da ka faɗa a nan za ka faɗa a gaban ubansa. Ranar kasuwa kuma ka faɗa a rumfarka, a inda ka fara. Kai kuma Mujitaba, duk inda ka tura hoton nan ka bi shi da gaskiya."

"To, Baffa."

"Malam Sabo kuwa, ka ce masa ya dakata. Ban ce kada ya zo ba, ban ce ya zo ba. Sai na dawo."

Mujitaba ya matso kusa da shi. "Baffa, don Allah a duba. Da wani ne da ya yi shiru har abada. Shi da ƙafarsa ya zo. Ranar nan hayaniya ce ta yi yawa, ga rana, ga mutane a kansa, mutum yana iya mantawa. Ko ba haka ba ne, Nazifi? Mantawa ka yi, ko?"

Yana miƙo min igiya. Kalma ɗaya ce, "eh". Baffa ma ya ɗago yana jira, kuma na ga a idonsa yana so in faɗe ta. Na buɗe baki.

"Baffa, in yi magana?"

Daga bayan ƙyaure ne. Baffa bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ta fito rabi, hannunta mai lallen yana riƙe da bakin ƙofar. Ba ni take kallo ba, kwanon ruwan da ban taɓa ba take kallo.

"Bara da Yaya Mujitaba ya bar min tsohuwar wayarsa, na kai maka gwaji. Daga ɗankwalina na ciro ta, da ɗumi kaɗan. Ka taɓa bayanta ka ce in zauna. Ka cire mata riga, ka ɗora ta a kan buhu. Kusan awa guda na yi a bencinka, har ka sayo min ruwan leda. Na ce ina sauri, ka ce ba a gwada waya da zafinta, zalunci ne. Kai ka faɗa, da bakinka."

Gyaɗar da ke hannun Mujitaba ta zube a daɓe. Ba wanda ya tsince.

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni.

"To ita wannan, Yaya Nazifi, me ya hana ka jira ta huce?"